Kirsimeti ya ƙarato, hannuna babu komai, zuciyata kuma ta yi sanyi

Wata 'yar'uwa ce ta rubuto daga Kaduna, ga abin da ta ce a taƙaice:

"Mama ina gaisuwa cikin sunan Yesu. Ni matar aure ce, yarana uku. Tun watan Yuni aka sallami maigidana daga aiki, ɗan abin da nake samu a saida kunu da zoɓo da shi muke ci. A watan Agusta kuma mamana ta rasu, ita ce duk shekara muke tafiya ƙauye wajenta mu yi Kirsimeti, yanzu Baba ne kawai a gidan. Ga Disamba ya shigo, yara sun dame ni da maganar kaya da takalmi, zumuntar mata sun fitar da anko, ni ko kuɗin ɗinki ba ni da shi. Wata ƙawata ta nuna min irin bashin nan na waya wai in ci in biya a Janairu, ban gaya wa maigida ba. Abin da ya fi damuna Mama shi ne bana jin komai a raina, mawaƙa na koyon waƙoƙin Kirsimeti ni kuwa sai hawaye, addu'a ma ta gagare ni. Har na ce ba zan je sujada ranar ba saboda kunya. Ko bangaskiyata ce ta mutu? Dan Allah ki ba ni shawara."

'Yata, sannu. Sannu da rashin mama, Ubangiji ya ta'azantar da ke da Baba da sauran 'yan'uwa, ya kuma buɗe wa maigidanki ƙofa. Tambayarki ta ƙarshe zan fara amsawa don kar ki kwana da ita: bangaskiyarki ba ta mutu ba. Wata huɗu kacal da binne uwarki, ga rashin aiki a gida, ga yara na kallon hannunki, ace duk wannan kina tsalle kina guɗa ai da shi ne zan ji tsoro. Makoki kike yi, ga gajiya ta taru miki.

Amma bari in yi saurin tare ki a maganar bashin nan tukuna don shi ne mai gaggawa. Kar ki taɓa shi. Ko kin riga kin sauke manhajar a wayarki ki goge ta yau ɗin nan. Kinsan yadda da yawansu suke aiki? Kafin su baki ko sisi sai sun nemi izinin shiga lambobin da ke wayarki, wa'adin biya gajere ne, wani sati ɗaya wani sati biyu, ruwan da suke ɗorawa kuma ba kaɗan ba, in kika makara sai su fara tura saƙo ga mutanen da ke wayarki, fastonku, surukarki, matan zumunta, suna cewa ke macuciya ce kin gudu da kuɗinsu. Abin ya yi muni har sai da hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya ta kai samame ofisoshin wasunsu a Legas a 2022. To ke da kike gudun kunyar rashin anko na rana ɗaya, ya za ki yi da wannan kunyar? Kuma da me za ki biya a Janairun? Janairu fa shi ne watan kuɗin makaranta na zango na biyu, wasu ga haya, ciniki kuma ya kwanta don kowa ya ƙarar da na hannunsa. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayu 2023 babu abin da farashinsa ya koma inda yake, masu albashi ma da kyar suke kai ƙarshen wata balle gidan da kunu da zoɓo ke riƙe da shi. Maƙwabtanmu Musulmi suna cewa sallah ta wuce ta bar wawa da bashi, ke ba wawuya ba ce, uwa ce da take son yaranta su yi murna, amma maganar tana kanmu mu ma. Littafin Karin Magana 22:7 ya ce mai cin bashi bawa ne ga wanda ya ba shi. Ba zan so ki shiga sabuwar shekara kina baiwar wani da ko fuskarsa baki taɓa gani ba saboda yadi shida.

Yanzu ki ɗauko Littafi Mai Tsarki ki buɗe Luka sura 2, akwai wani waje da nake so mu tsaya a kai, wajen da ba kasafai ake karantawa ranar Kirsimeti ba don yawanci ana tsayawa a kan makiyaya a rufe. Ki gangara zuwa aya ta 22 har 24. Bayan kwana 40 da haihuwa Yusufu da Maryamu suka ɗauki jaririn zuwa Haikali a Urushalima don su miƙa shi ga Ubangiji, su kuma yi hadayar tsarkakewar mai jego yadda Shari'ar Musa ta ce. Me suka kai? Kurciyoyi biyu ko 'yan tattabaru biyu. Mai karatu da sauri zai wuce kawai, amma ki koma Littafin Firistoci sura 12 ki ga abin da doka ta nema tun asali: ɗan rago bana ɗaya, da tattabara ko kurciya guda. Sai a aya ta 8 aka ce in matar ba ta da halin rago to ta kawo tsuntsaye biyu, ya wadatar. Wato akwai hadayar masu hali akwai ta talaka, kuma uwar Ubangijinmu ta talaka ta kai. Ki kwatanta a ranki, ga farfajiyar Haikali cike da jama'a, wasu na jan raguna masu ƙiba, ga wata yarinya daga Nazarat goye da jariri, mijinta riƙe da 'yan tsuntsaye biyu, duk wanda ya kalli hannunsa ya san abin da ke aljihunsa, babu yadda za a ɓoye. Ba su ce bari mu zauna a gida sai mun samu kuɗin rago ba, ba su je sun ci bashi don mutane su ga rago ba. Abin da Allah ya halatta musu daidai ƙarfinsu shi suka ɗauka suka shiga gidansa da shi. Kuma a ranar ce, da tattabarun nan a hannu, tsoho Saminu ya karɓi yaron ya rungume ya ce idonsa ya ga ceton Allah. Duk masu ragunan da suka zo ranar babu wanda aka rubuta mana labarinsa.

Ni wannan wajen yana taɓa ni ƙwarai. Allah da ya mallaki komai, da ya tashi aiko Ɗansa yana da ikon ya sa a haife shi a fadar Hirudus ko a gidan babban firist, sai ya zaɓi gidan da ko rago ba sa iya saya. Bulus ya faɗa wa Korantiyawa a wasiƙarsa ta biyu 8:9 cewa ko da yake shi mai arziki ne ya zama matalauci saboda mu. Gida irin naki ya shigo 'yata, gidan da ake lissafin mudu kafin a ɗora tukunya.

Ga wani abu kuma da na san zai shige ki. A wajenmu haihuwar fari gida ake komawa, uwa ce ke dafa ruwan wanka, ita ke dama kunun kanwa, ita ke karɓar jariri cikin dare ta ce je ki kwanta. Maryamu fa? Dokar ƙidaya ta Kaisar Augustas ta tashe su daga Nazarat zuwa Baitalami da tsohon ciki, tafiyar da ta haura kilomita 100, babu mota, suka isa babu wuri a masauki. Luka bai ambaci uwarta a wajen ba, bai ambaci ungozoma ba, cewa ya yi ta haifi ɗanta, ta naɗe shi da zane, ta kwantar da shi a komin dabbobi. Ita da kanta. Kirsimeti na farko ma an yi shi ne nesa da gida, babu mama a kusa. In kina jin bana ba Kirsimeti tunda babu ita babu ƙauye, na fahimce ki sarai, ni ma na san yadda gida ke zama fayau in babu tsohuwa a bakin murhu, amma Mai bikin bai jira komai ya daidaita kafin ya zo ba, kuma bana ma ba zai jira ba.

Maganar hawaye kuma, wa ya ce miki babu kuka a Kirsimeti? Mu ne muka tace labarin muka bar mala'iku da tauraro da kyautai, muka cire sauran don wasan kwaikwayon yara ya yi daɗi. Saminun nan da ya sa albarka, a nan take ya juya ya gaya wa Maryamu takobi zai soki ranta. Matiyu sura 2 kuma ya ba mu labarin yadda Hirudus ya sa aka karkashe yara maza 'yan shekara biyu zuwa ƙasa a Baitalami da kewayenta, har ya tuno da maganar annabi Irmiya cewa an ji murya a Rama, Rahila tana kuka saboda 'ya'yanta ta ƙi ta'azantuwa, Yusufu kuwa ya tashi cikin dare ya gudu da matarsa da yaron zuwa Masar suka zama 'yan gudun hijira. A Katolika da Angilikan ma washegarin Kirsimeti, 26 ga Disamba, ranar tunawa da Istifanas ce wanda aka jajjefe, 28 ga wata kuma ta yaran Baitalami. Iyayenmu a bangaskiya ba su ga laifin ajiye makoki kusa da murna ba. Mu ma a ƙasar nan mun sani, akwai iyalan da tun harin cocin Madalla ranar Kirsimetin 2011 wannan ranar ta canza musu har abada, akwai na Bokkos da Barkin Ladi da suka binne 'yan'uwansu a Kirsimetin 2023. In kika shiga majami'a ranar 25 ki duba benci-benci, ba ke kaɗai ce kike haɗiye kuka ba, akwai gwauraye, akwai wadda ta yi ɓari, akwai wanda ɗansa ke hannun masu garkuwa. Domin irinsu aka haifi yaron. Bulus bai ce wa Tasalonikawa kar su yi baƙin ciki ba, cewa ya yi kar su yi irin na marasa bege. Mamanki ta yi barci cikin Ubangiji, kuma dalilin da ya sa muke da tabbacin za ki sake ganinta daga komin nan ya faro, don da bai ɗauki jiki irin namu ba da bai mutu ba, da bai mutu ba da bai tashi ba. In waƙa ta sa ki hawaye ki bar su su zuba, Yesu ma ya yi hawaye a kabarin Li'azaru alhali ya san zai tashe shi.

Addu'ar da kika ce ta gagare ki, kar ki tilasta wa kanki dogayen kalmomi. In "Ubangiji ka taimake ni" kawai ke fitowa, ita ce addu'arki ta yau. Romawa 8:26 ta ce ba mu san yadda ya kamata mu yi addu'a ba amma Ruhu da kansa yana roƙo dominmu da nishin da baki ba ya iya furtawa. Ki karanta Zabura 13 ko 42 da murya, za ki ji mutum yana tambayar Allah har yaushe, ko don me ka manta da ni, kuma Allah bai sa an goge wannan daga littafinsa ba. Ki tuna da Hannatu ma, annabiyar da ta iske Yusufu da Maryamu a Haikali, shekara 7 kawai ta yi da mijinta ya rasu, Luka ya ambaci shekara 84 a kanta, duk tsawon zaman nan ba ta rabu da gidan Allah ba. Bana tsammanin kullum da daɗin rai take zuwa, amma tana zuwa, kuma ranar da aka kawo yaron tana nan.

Don haka ki je sujada. Wannan kam ba zan sassauta miki ba. Ki ɗauko zanen da ya fi miki kyau a akwati ki wanke ki goge, in akwai na mama da aka raba muku ki ɗaura shi. Maganar anko kuma, bari in faɗi abin da ke raina ko da wasu mata za su ji haushina: ankon nan an fara shi ne don a zama ɗaya, kar a gane mai shi da marar shi, yanzu kuwa a wasu ikilisiyoyi shi ne yake raba mu, a shekara a fitar da uku ko huɗu, na taro daban na biki daban na Kirsimeti daban, mace ta riƙa ɓuya a gida don ba ta saya ba. Wannan ba daidai ba ne. Yakubu sura 2 ya tsawata wa masu ba mai kyakkyawar riga wurin zama mai kyau su ce wa mai tsumma ya tsaya can. Ki samu shugabar zumuntarku ita kaɗai, ba a cikin taro ba, ki ce mata Mama bana ba zan iya anko ba, ga halin da muke ciki. Shikenan, ba sai kin yi dogon bayani ba. Matan nan su ne suka zo suka zauna da ke lokacin rasuwa, na tabbata in sun san maigidanki ba ya aiki tun Yuni ba za su bar ki haka ba, sau da yawa rashin sani ne, mu ma muna da laifin rufe ciki mu ce lafiya lau alhali wuta na ci. In sun kawo miki mudun shinkafa ko zane ki karɓa da hannu biyu ki yi godiya, wata shekarar ke za ki kai wa wata.

Yara kuma ki gaya musu gaskiya daidai hankalinsu. Kar ki ce gobe, kar ki ce tela ne bai gama ba, yaro ya fi jin zafin alkawarin da aka karya a kan rashin da aka gaya masa tun wuri. Ki zaunar da su ke da babansu ku ce bana babu sabon ɗinki amma ga abin da za mu yi. In ɗan kuɗi ya samu ki shiga layin gwanjo da sassafe ranar da ake kwance dila, riga ɗaya-ɗaya mai kyau in aka wanke aka goge babu mai tambayar inda ta fito, ƙaramin ma ko tabaran roba da balan-balan aka saya masa ya gama Kirsimeti. Sauran a bari sai Janairu lokacin da tela ya huta farashi ya ɗan lafa. Babu zunubi a wannan ko kaɗan, Littafi Mai Tsarki bai faɗi ranar da aka haifi Yesu ba, manzanni ba su bar mana umarnin biki ba, shaida mafi tsufa ta yin bikin a 25 ga Disamba daga Roma take wajen shekara ta 336, kuma har yau Kibɗawan Masar da Kiristocin Habasha sai 7 ga Janairu suke nasu. Ranar tana da kyau kuma muna girmama ta, amma ba ta kai ki sayar da kwanciyar hankalinki ba.

Sana'arki ma ki dube ta da kyau a makonnin nan. Lokacin Kirsimeti gidaje da yawa suna neman zoɓo da kunun zaƙi na baƙi, ga bukukuwan aure da ake jerawa a Disamba, ga taron mawaƙa. Ki fara gaya wa mata a coci da unguwa tun yanzu cewa kina karɓar oda a jarka, su ba da rabin kuɗi ki sayi kaya da shi, kinga ba ki taɓa uwar kuɗinki ba. Daga ribar ki sayi rabin mudun fulawa ku yi cincin da yara daren 24, ki bar su su yayyanka ko ya fito a karkace, ki sa babbar ta karanta Luka 2 ƙananan su zama makiyaya. Kuma kar ki fasa aika wa maƙwabta abin da kika saba don bana babu kaza. Maƙwabciyar da ke aiko miki da naman layya ta san halin da ƙasa ke ciki, gorar zoɓo mai sanyi da ɗan cincin a leda ya isa ya riƙe zumunci.

Sai maigida. Baki ce komai a kansa ba sai rashin aikin, amma abin da ya tsaya min shi ne kin yi tunanin cin bashi a ɓoye. Na san dalilinki, ba kya son ki ƙara masa nauyi. To ki sani namijin da ya saba shigowa da buhun shinkafa a Disamba yau ya shigo hannu rabbana, kunyarsa ta ninka taki, ko bai faɗa ba. In ya gano kin ci bashi a bayansa abin da zai ji shi ne kin yanke ƙauna da shi. Ki gaya masa duka, har maganar bashin da kika fasa, ki ce masa ni ban aure ka don Disamba ba, mu lissafa abin da ke hannunmu tare. Ku yanke shawarar tafiya ƙauye tare, ni dai a ganina bana ku zauna, kuɗin motar mutum biyar zuwa da dawowa a makon Kirsimeti zai ciyar da ku kwanaki masu yawa.

Abu ɗaya nake so ki sa wa ido. In aka shiga sabuwar shekara har yanzu ba kya barci, abinci ba ya shiga, ba kya iya tashi ki yi sana'a, ko tunani ya fara zuwa miki cewa gara ki bi mama, to kar ki jira, ki gaya wa maigida ki gaya wa fasto ko matarsa a ranar, ku je asibiti ki ga likita. Ciwo ne kamar kowane ciwo kuma ana maganinsa, zuwa asibiti ba ya rage wa mutum bangaskiya.

Baba kuma kar ki manta da shi a cikin naki baƙin cikin, shi ne zai tashi ranar 25 a gidan da shekara da shekaru matarsa ke tashinsa da ƙarar turmi. Ki yi magana da 'yan'uwanki tun yanzu a san wanda zai kwana da shi, in babu mai iya zuwa a roƙi wani a dangi ko a cocin ƙauyen ya ɗauke shi su ci abinci tare. Ki ware kuɗin kati daban kar ki taɓa shi, bayan sujada ki kira shi ki ba yara ɗaya bayan ɗaya su gaishe shi su yi masa waƙar da suka koya, in ya yi kuka kar ki ce ya yi shiru. In kuɗin mota ya sauko a tsakiyar Janairu sai ki je ke kaɗai ki yi masa kwana biyu, ki gyara masa ɗaki, ki duba rumbu ki ga abin da ya rage masa na abinci.